Amsoshin Tambayoyinku: Katakon Bakin Rufi

Wani mai sauraronmu daga Gusau yana tambaya: katakon da ya zagaye bakin rufin kwanonsa ya fara ruɓewa, gyara zai yi ko canzawa?

To Malam, kafin ka kira kafinta, ɗora tsani ka soka ƙusa a wurin. Idan ƙusar ta nutse kamar cikin burodi, ko ka ga hanyar ƙasa irin ta gara, wannan katako ya gama aiki, fenti ba zai cece shi ba. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ga mai lafiya, a sa sabo. Idan kuwa fenti ne kawai ya ɓare, a kankare, a sake shafawa.

Amma abin da aka fi mantawa shi ne kan raftocin da aka kafe katakon a jikinsu. Sau da yawa ruɓar ta can ta faro, domin kwanon bai leƙo waje sosai ba, ruwan damina na komawa yana jiƙa su. Ka kafa sabon katako a ruɓaɓɓen rafta, iskar farkon damina ta ɗaga maka shi, wani lokacin har da kwanon.

Sayi busasshen katako, ɗanye yakan kantare. A shafe shi da maganin katako na Solignum gaba da baya. Wasu baƙin mai suke sawa, sai dai fenti ba ya kama shi. Yi aikin da rani, kuma a toshe kafofin da jemagu ke shiga silin.