Yaya Zan Sa 'Ya'yana Su So Waƙoƙi Da Finafinan Da Na Tashi Da Su?

Tambaya: Ni magidanci ne, ina da yara biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 4. Na tashi a gidan da ba a kashe rediyo, kullum Shata ne ko Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya, ga kuma finafinan Indiya na da. Yarana kuwa ba su san komai ba sai katun da waƙoƙin da suke tsinta a waya. Na sa Shata a mota, babbar ta ce in canja. Ran nan na kunna mana Sholay, ƙaramin ya kwana yana firgita, uwarsu ta yi ta faɗa. Sun yi ƙanƙanta ne, ko kuwa in haƙura gaba ɗaya? Daga wani uba a Gusau.

Amsa: Kada ka haƙura. Abin da kake nema abu ne mai kyau, amma a maganar Sholay gaskiya tana wajen uwargida, don haka daga nan zan fara.

Fim ɗin ya fito a 1975, kuma ya haura awa uku. Abin da ya zauna maka a rai, ina jin, shi ne Amitabh Bachchan da Dharmendra a kan babur mai kwando a gefe suna waƙar abota. Abin da shekaru suka shafe maka shi ne yadda Gabbar Singh ya karkashe iyalin Thakur, sannan ya datse masa hannuwa biyu. Haka tunanin babba yake, yana riƙe daɗin ya zubar da ɗacin. Ɗan shekara 4 kuwa bai gama raba wasa da gaske ba, a wurinsa an yanke hannun mutum a cikin falonku. Ka zauna da shi da rana, ka gaya masa wasa ne, mutumin ɓoye hannuwansa ya yi a cikin mayafi. Ka nemo hoton ɗan wasan, Sanjeev Kumar, da hannuwansa lafiya lau, ka nuna masa. Daga yau kuma, duk fim ɗin da ka sani tun kana yaro, sake kallonsa kai kaɗai kafin su gani. Ba dole ne a kalli fim daga farko har ƙarshe ba. Waƙar babur ɗin nan kaɗai ta ishe su a zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar a 2019, cewa ta yi ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Waƙa ta fi sauƙi, don kunne ba ya ɗaure yaro wuri guda. Yana ji yana wasansa.

Ka yi wa babbar uzuri da ta ce a canja. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo tun 1991. Waƙoƙinsu dogaye ne, Hausar ta manya ce, mutanen da ake wasawa ba ta taɓa jin sunansu ba, sautin tsohon faifai kuma ba ya dukan ƙirji kamar kiɗan situdiyo da kunnenta ya saba. Kai ma ka tuna, ba wanda ya zaunar da kai ya ce ka so Shata. Kana cin tuwo yana tashi, ana wanki yana tashi, ka ga mahaifinka yana gyaɗa kai, har abin ya shige ka ba ka sani ba. To haka za ka yi musu. Ranar da ka ce "ku yi shiru ku saurara, wannan ita ce waƙa ba shirmenku ba," ranar ka mayar da Shata aikin makaranta, kuma da wuya su yafe masa.

Ƙofar da yaro yake shiga waƙar gargajiya ita ce amshi, domin yaro yana son abin da ake maimaitawa. Ka ɗauki baitin, ka bar musu amshin, ko a mota ko a tsakar gida. Sai kuma kayan kiɗan kansu. In an yi biki a unguwa, kai su kusa da mai kalangu su ga yadda yake matse tsirkiyoyin a hammata, muryar gangar ta hau, ya sassauta ta sauka, har ta kira sunan mutum. Yaron da ya ga wannan da idonsa, in ya sake jin Shata zai riƙa neman kalangun a ƙarƙashin muryar.

Ni da zan zaɓa maka, da Ɗanmaraya Jos zan fara. Murya ɗaya ce da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba hayaniya, kuma yawancin waƙoƙinsa labarin talaka ne da yaro zai iya gani a titi. Ka sa musu Waƙar Karen Mota, gobe in kun bi ta tasha ka nuna musu yaron da yake lodi yana kiran fasinja. Ka ba su labarin mawaƙin: iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi, ya zama abin da ya zama har ya rasu a 2015. 'Yar shekara 7 za ta riƙe wannan. Kuntigi kuma abu ne da za ku iya kwaikwaya a gida da gwangwanin kifi, da 'yar sanda, da zare mai ƙarfi. Ba zai yi zaƙi ba, amma za su yini suna kaɗawa. Ɗanƙwairo ka ɗan jinkirta shi, muryoyin 'yan amshinsa suna hawa kan juna, sai kunne ya ƙware. Lokacin hawan Sallah, in sun ga dawaki da fadawa, sai waƙar sarauta irin tasa ta sami wurin zama a kansu.

Tacewar da na ce a yi wa fim, a yi wa waƙa ma. Kasancewar abu tsoho ba ya mayar da shi na yara. A waƙoƙin Shata akwai zambo da habaici masu nauyi. Amadar Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, ta taron mata ce a gidan biki, wasu baitocin ba don kunnen yara aka yi su ba. Yaro ba ya buƙatar fahimtar magana kafin ya haddace ta, kuma ba ya zaɓen inda zai maimaita, ko gaban surukanka ne ko a Islamiyya.

Akwai wani ɓangare da iyaye maza suka fi tsallakewa: kai ma sai ka shiga nasu. A mota ku yi karɓa-karɓa, ɗaya taka, ɗaya tasu. Ka zauna ka kalli katun ɗin tare da su, ka tambayi sunan wancan da dalilin da ya sa yake gudu. In waƙarsu ba ta da illa, kada ka kushe ta don kawai ba ta yi maka ba. Finafinan Indiyan nan da muke kewa yau, akwai lokacin da zuwa silima kallonsu abin kunya ne ga ɗan mutunci a idon dattawa. In kuwa ka ji abin da bai dace ba, faɗa musu dalili a taƙaice ka canja.

A finafinan Hausa, barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro yana saurin kama yara domin da jiki yake ba da dariya, sai dai ka zaɓa, wasu akwai zage-zage. Tsofaffin wasannin Samanja ma suna nan ana samu. Ko wanne ne, kada ka miƙa musu waya ka tashi. YouTube da TikTok ba sa tsayawa inda ka tsaya, daga wannan sai su jawo wani da ba kai ka zaɓa ba. Ka sauke abin da ka amince da shi a memori, a kunna a talabijin ko 'yar rediyo kowa yana ji, ba abin toshe kunne ba, don kunnen yaro bai kai naka jure ƙara ba.

Mai yiwuwa duk da haka ɗaya ya kama, ɗaya ya ƙi, ko su ƙi yanzu su dawo suna nema bayan sun girma. Wannan ba gazawarka ba ce. Kuma in kakarsu tana raye, kai su wurinta ta yi musu waƙoƙin reno da na daka da na cikin tatsuniya. Ka nemi izininta ka ɗauki muryarta a waya, domin irin waɗannan ba kasafai ake samunsu a faifai ba.