Albasa, Haƙuri da Jarrabawar Ingilishi

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani manomin albasa daga wani ƙauye kusa da Galmi. Ya ba shekara 50 baya. Bara ya fara haɗa baƙi. Wata rana da aka tashi, sai ya tsaya ya ce mini:

"Malam, akwai abin da ke damuna. Ɗiyata tana aji na 4 a kwalej. Bana za ta yi bepese. In ka ba ta takarda da biro tana rubuta Ingilishi. Amma in aka ce ta yi magana, sai bakinta ya mutu. Ni ko ban san komi ba cikin Ingilishi. Mi zan yi mata?"

Ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba. Daga Ƙonni har Illela akwai iyaye da yawa irinsa.

A ƙasarmu yaro yana fara koyon Ingilishi a shekararsa ta farko a kwalej. Bayan shekara 4 sai ya yi jarrabawar bepese. Ingilishin jarrabawar kashi biyu ne: akwai na rubutu, akwai na baki. A na baki yaro zai zauna gaban wani malami, malamin ya yi tambaya, shi kuma ya ba da amsa. Ba mai raɗa masa. A nan ne yara da yawa suke daskarewa.

Wani zai ce: ina ruwanmu da Ingilishi? Ruwanmu da shi babba ne. Daga Birnin Ƙonni, ɗan taƙi kaɗan ka shiga Illelar Najeriya, wadda ba ita ce tamu Illela ta jihar Tawa ba. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. A can takardun hukuma da Ingilishi ake yin su. Albasarmu tana zuwa har Gana, can ma Ingilishi ne harshen ofis. Ban da haka, a watan Maris na 2025 an sa hannu a kan sabon kundin tafiyar da ƙasa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki.

Na ce wa mutumin nan ya je ya tambayi ɗiyarsa abin da ke hana ta magana. Kashegari ya dawo da amsa. Ta ce masa: "Baba, kalmomin ina da su. Abin faɗi ne ba ni da shi. Kuma ina jin kunya a yi mini dariya."

Na ce masa: "To, ai maganin yana hannunka. Ita ke da kalmomi, kai ke da labari."

Ba wanda ya san abin da malamin jarrabawa zai tambaya. Amma bakin da ya saba magana a kan abu ɗaya, ba ya jin nauyin magana a kan wani. Don haka sai a zaɓi batu guda a yi ta juya shi. Mu mun zaɓi haƙuri. Dalili kuwa, ba gidan da ba shi da labarin haƙuri. Yaro ba sai ya ƙirƙiro ba, ba sai ya haddace na cikin littafi ba. Abin da aka haddace, kalma ɗaya in ta ɓace sauran duk sai su bi ta. Abin da ya faru a gidanku kuwa, ko ka manta kalma, ba ka manta labarin.

Ga yadda suka yi. Bayan sallar lisha suka zauna a tabarma. Uban ya ba da labarin albasarsa da Hausa. Ya faɗi yadda yake zuba iri ya jira kamar kwana 40 kafin dashe. Ya faɗi ban ruwa da kuɗin man inji. Bayan dashe a ƙara wata 3 ko 4 kafin a cire. Lokacin cira kuwa, wajen Maris da Afirilu, albasa ta cika kasuwa, ba ta da daraja. Mai bashi a wuya dole ya sayar. Wanda ya iya daurewa sai ya zuba tasa cikin rudu ya jira ta yi kuɗi. Jiran ma ba na banza ba ne. Kullum sai ya leƙa ya tsince wadda ta ruɓe, yana ganin dukiyarsa tana raguwa, kuma ga buƙatun gida.

Da ya gama sai ya ce: "To, ɗiyata, maida mini shi da Hausa, a taƙaice."

Kada a tsallake wannan mataki. Yaron da bai iya tsara labari da harshen uwarsa ba, ba zai tsara shi da harshen wasu ba. Ya san mafari, ya san tsakiya, ya san inda zai tsaya. Abu huɗu labarin zai ɗauka: wane ne, me ya same shi, me ya yi, yaya abin ya ƙare.

Sai da ta faɗe shi sau biyu da Hausa, sannan ta shiga Ingilishi. Ga irin abin da ta fara da shi. In ba ka iya karanta shi ba, ba laifi, miƙa wa ɗanka ya karanta maka:

My father grows onions. Last year the price was low. He did not sell. He waited for five months. Some onions went bad. He was worried, but he was patient.

Ma'anarsa ita ce: Babana yana noman albasa. Bara ba ta yi kuɗi ba. Bai sayar ba. Ya jira wata 5. Wasu sun ruɓe. Ya damu, amma ya yi haƙuri.

Ka ga jimlolin gajeru ne. Haka ake so. Yara suna ganin doguwar jimla ita ce gwaninta, sai su shiga su kasa fita. Gara gajeru shida da suka fita sarai da doguwa ɗaya da ta karye a tsakiya.

Yanzu bari mu daɗe kaɗan a kan kalmar haƙuri, don akwai rami a cikinta.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke ɗora wa kaya da yawa. In ka taka ƙafar mutum a kasuwa, ka ce: yi haƙuri. In aka yi wa mutum rasuwa, ka ce: sai haƙuri. In almajiri ya zo ba ka da abin ba shi, ka ce: yi haƙuri. In mutum yana gaggawa a tasha, nan ma ka ce ya yi haƙuri mota ta cika. Ingilishi ba ya haɗa waɗannan duka wuri ɗaya. Kalmar da ake koya wa yara ita ce patience. Ita tana nufin jira ko daurewa ba tare da fushi ba. Ta dace da mai jiran mota, ta dace da mai albasa a rudu. Amma wanda ya taka ƙafar mutum, sorry zai ce. In ya ce masa be patient, to ya ƙara laifi a kan laifi, don kamar ya ce masa ne: daure mana, kada ka dame ni. Yaron da ya san wannan bambanci ya wuce wanda ya haddace kalma kawai.

Akwai wani abin kuma. Kalmar patient tana nufin mai haƙuri, tana kuma nufin majinyaci, irin wanda ke kwance a asibitin Galmi. Da na faɗa wa manomin nan sai ya yi dariya ya ce: "Ai sun yi gaskiya. Wa ya kai mai jinya haƙuri?"

Sai maganar furuci. Faransanci ma yana da wannan kalma, kuma rubutunsu iri ɗaya ne harafi da harafi. Amma faɗinsu ya bambanta. Da Faransanci tana fita kamar "pasiyans". Da Ingilishi kuwa kamar "peshans". Yaranmu sun fi sabawa da Faransanci, sai harshensu ya zame can. A lura da wannan.

Harafin farko na kalmar shi ma aiki ne. Hausa ba ta raba p da f. Mu nan yamma ma, inda wasu ke cewa faɗi, mu hwaɗi muke cewa. Ingilishi kuwa ya raba su. Pan kaskon suya ne, fan kuma fanka ce. In ka musanya su ka faɗi wani abu daban. Wajen p, ana rufe leɓɓa gam, sannan a sake su iska ta fashe. Wajen f, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta riƙa zurara. A nan ko ba ka jin Ingilishi kana iya zama alƙali. Yaro ya riƙe ƴar takarda gaban bakinsa ya ce patience. In takardar ta yi tsalle, p ta fito. Kai kuma ka zuba wa leɓɓansa ido, ka ga ko sun haɗu.

Labarin abin da ya wuce yana da nasa tsari. Mu wakilin suna muke sauyawa: yana jira, ya jira. Su kuwa kalmar aikin kanta suke sauyawa: wait ta koma waited, go ta koma went, sell ta koma sold. Wannan aikin malamin lakwal ne, ba naka ba. Kai dai ka tuna wa yaro ya kai jimlolinsa wurin mushe ya duba masa sau ɗaya, kada ya yi wata guda yana maimaita kuskure.

To, ina aikin uba ko uwa? Shi ne zama malamin jarrabawa. Ka zauna a kujera, yaro ya yi sallama ya shigo, ya zauna gabanka. Ka duba agogon salula. Makon farko minti 1 ya isa. Daga baya a kai minti 2. Doka ɗaya ce: kada ya yi shiru har lokacin ya cika. In kalma ta ɓace masa, ya zagaya ya faɗi abin ta wata hanya. Wanda bai san sunan rudu da Ingilishi ba, yana iya cewa ƙaramin ɗaki na kara da ake ajiye albasa.

In ya gama sai ka jefa masa tambaya da Hausa, shi ya amsa da Ingilishi. Me ya sa bai sayar ba? Da kai ne, da ka jira? Yaushe haƙuri yake zama wauta? Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran amfani, don ba ta da amsa ɗaya. Wani ya jira albasa ta yi kuɗi, rabinta ya ruɓe, ya tashi ba riba. Yaron da ya iya cewa "a ganina", ya kawo dalili, shi ne ya fara magana da gaske. Kai ba ka fahimci amsar ba, amma kunnenka yana gane mai inda-inda da wanda maganarsa ke tafiya. Bayan haka ka sa shi ya maida maka abin da ya ce da Hausa.

In labari ɗaya ya ƙoshi, a sauya. A Ƙonni ba a rasa wani. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Direba da ɗan dako da mai tuwo-tuwo a bakin iyaka, kowa yana da abin da zai faɗa a kan waɗannan watanni. Wanda ɗan'uwansa ya tafi bida ya daɗe bai aiko ba, shi ma yana da nasa. Haka wanda ya taɓa shuka sau biyu saboda ruwa ya ɗauke.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko dariya. Ranar da yarinyar nan ta fara, ƙannenta suka kewaye ta suna kwaikwayonta. Ta tashi ta shige ɗaki, kwana 3 ba ta sake yarda ba. Sai da uban ya kore su, ya ce duk wanda ya yi dariya shi ne zai yi ban ruwa da asuba. Na biyu aikin gida. Ɗiya mace ta dawo daga lakwal, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga wanke-wanke. In dare ya yi barci take ji. A nan sai da uwar ta shigo cikin maganar, ta ɗauke mata wanke-wanken dare har a gama jarrabawa. Ni a ganina taimakon uwar ya fi na kowa nauyi, ko da yake ba ta zauna a tabarmar ba ko sau ɗaya.

Jarrabawar ba ta zo ba tukuna. Makon jiya manomin ya ce mini yanzu tana cika minti 2 ba ta tsaya ba, sai dai har yau p ɗinta takan zame in ta yi sauri. Ya ce shi ma ya tsinci kalma uku. Ya faɗe su a gaban aji, muka rasa mai gyara masa.

Aikin mako: kowa ya rubuto labarin wani haƙuri da ya taɓa yi, da Hausa, cikin jimla 6 gajeru. Za mu karanta su a aji. Mai yaro a kwalej ya kai masa takardar gida.