Tulif Mai Kamar Aku da Yadda Ake Ɗaukar Hotonsa

Tulif fure ne na ƙasashen sanyi, yana tsirowa daga wani ƙulli mai kama da albasa. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne. Turkawa suka raya shi a lambunansu, sunansa ma daga kalmarsu ta rawani ya samo tushe. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya kai shi birnin Leiden na ƙasar Holan, wadda har yau ita ce kan gaba wajen nomansa.

Galibin tulif sumul yake kamar ƙaramin kofi. Amma akwai wani iri da ya fita daban, wanda aka sani tun ƙarni na 17, ana ce masa tulif na aku. Tohonsa kore ne, a tanƙware kamar bakin aku. In ya buɗe, sai ka ga gefen furen a yayyage, a murɗe kamar gashin tsuntsu, ga ratsin kore cikin ja ko rawaya. Wanda bai sani ba sai ya ce tsutsa ce ta ci shi. Ba cuta ba ce, sauyin halitta ne da kan auku da kansa, manoma kuwa suka riƙa yaɗa shi ta 'ya'yan albasarsa. Akwai 'Rococo' ja wur, da 'Estella Rijnveld' mai ja da fari, da 'Black Parrot' wanda ba baƙi ba ne sosai, shunayya ce mai duhu.

To, wannan yamutsewar ita ce kyansa, ita kuma ya kamata hoto ya nuna. Kada ka ɗauka da rana tsaka, domin haske mai ƙarfi yana wanke launi, ya cika lungunan furen da baƙar inuwa. Sassafe ya fi, ko ranar da gari ya lumshe. Durƙusa har kyamara ta yi daidai da furen, ka matsa kusa, fure ɗaya ya isa. In rana tana bayansa, haske zai ratsa shi, jijiyoyinsa su fito. Ga 'Black Parrot' nemi bango mai haske, in ba haka ba sai ya ɓace cikin duhu.

Sai kuma haƙuri da iska. Kan furen yana da nauyi, karansa ba ƙarfi, 'yar iska kaɗan sai ya yi ta rangaji. Yana cikin masu buɗewa a makare, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lambun Keukenhof na Holan kuwa ana rufe shi wajen tsakiyar Mayu.