Yadda Ake Zana Taswirar Ƙasar Noma, da Abin da Launi Ɗaya Ke Ɓoyewa

Mai binciken ƙasar noma ba da haƙa yake farawa ba. Yakan baje hotunan da jirgin sama ko tauraron ɗan'adam ya ɗauko, ya karkasa yanki bisa shimfiɗarsa: nan tudu, nan gangare, can fadama. Sannan ya shiga daji da ƙarfen huda ƙasa, yana zaro ƙasa jefi-jefi. Ya jiƙa ta, ya murza a yatsu don ya ji ko yashi ne ya fi yawa ko yumɓu, ya gwada launinta da littafin launukan ƙasa na Munsell. Inda ya ga wuri na iya wakiltar saura, sai a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya da rabi, a duba hawa-hawan ƙasar, a kai samfur ɗakin gwaji. Daga ƙarshe ya ja layi, ya shafa wa yankin launi ɗaya, ya raɗa masa sunan ƙasar da ta fi rinjaye.

Rinjaye kuwa ba duka ba ne. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, murabba'in santimita ɗaya hekta 25 ne, gonakin gidaje da dama ke nan. Gindin gawo, kufai, tsohon suri, makwancin shanu, faƙon da iska ta kwashe wa yashi, duk suna ciki, amma babu mai samun gurbi a takarda. A Sadore, kusa da Yamai, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT sun daɗe suna nazarin yadda gero ke yin kyau a nan, taku kaɗan gaba ya tsumbure, a jigawa guda.

Wani zai ce, to a yawaita ramuka mana. Kuɗin ba ya kaiwa, kuma bambancin da ke tsakanin shuka da shuka ya fi ƙarfin kowane yawan ramuka. Wani kuma zai ce ashe taswirar banza ce. Wannan ma kuskure ne, domin zurfin ƙasa da yadda take riƙe ruwa ba sa saurin sauyawa, su ne ake dubawa kafin a shata wurin noman rani. Abin da taki da noma ke juyawa, irin su fosfaras da ruɓaɓɓen ganye, shi ne bai kamata a nema a taswira ba.

Don haka kafin a yanke shawarar taki sai a koma gona. A bar mai ita ya nuna inda ke bayarwa da inda ke ƙi, a raba ta haka. A kowane kashi a bi zagaye-zagaye, a ɗebi ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20 a wurare 15 ko 20, a cakuɗa a bokiti mai tsabta, a ɗauki rabin kilo. Ƙasar gindin gawo a ƙulle ta daban, don in ta shiga cikin ta faƙo, sakamakon ba zai dace da ko ɗaya ba.