Bitrus Da Ubangiji Bayan Tashinsa Daga Matattu

A karanta Yohanna sura 21.

Dukanmu mun san faɗuwar Bitrus. A daren da aka kama Yesu, yana jin ɗumi bakin wutar gawayi a gidan babban firist, sai ya yi musun saninsa har sau uku. Da zakara ya yi cara ya fice yana ta kuka. Bari mu duba abin da Ubangiji ya yi da mutumin nan bayan tashinsa.

Na fari, ya neme shi shi kaɗai. Cikin saƙon da mala'ika ya ba matan a kabari, ya ambaci sunan Bitrus musamman (Markus 16:7). A ran nan kuwa Ubangiji ya bayyana gare shi (Luka 24:34). Bulus ma, da yake lissafta waɗanda suka gan shi, da Kefas ya fara. Abin da suka faɗa wa juna ba a rubuta mana ba, gama akwai maganar da ke tsakanin mai zunubi da Mai Cetonsa kaɗai.

Na biyu, ya same shi cikin 'yan'uwa. Da maraice almajirai suna ɗaki, ƙofofi a kulle don tsoro, sai ga Yesu a tsakiyarsu. Ya ba su salama, ya aike su duka. Bai ware Bitrus ba.

Na uku, ya mayar da shi bakin aiki. Su bakwai suka kwana suna jefa taru a tekun Tibariya a banza. Da asuba, bisa maganar Yesu, suka kama manyan kifaye 153. A gaɓa kuwa ga wata wutar gawayi. Sai da ya ciyar da su tukuna, kana ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, sau uku kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Wannan Bitrus ne ya yi wa'azi ran Fentikos, aka yi wa wajen mutum 3,000 baftisma.

To, 'yan'uwa, cikin ekklesiyoyinmu akwai waɗanda suka faɗi, suna ƙarƙashin horo, kunya ta hana su zuwa sujada. Horo daidai ne, amma manufarsa komo da ɗan'uwa ne. Wa a cikinmu ya taka zuwa gidansu? In sun tuba, muna shirye mu ba su aiki, ko kuwa za mu riƙa tuna musu da zakara har abada? In kuwa mu ne muka faɗi, kada mu ɓuya. Ubangiji mai rai yana nemanmu, da sunanmu kuma yake kiranmu.