Daga Kano Zuwa Daura: Nasiha Ga Mai Fita Shan Iska

Mutumin birni, wanda hidimar ofis ko ta kasuwa ta ɗaure shi tun daga Litinin har Juma'a, idan ya wayi gari ran Asabar ransa ya raya masa ya tuƙa motarsa ya ga ƙauyuka, to kada ya danne wannan sha'awa, domin sau da yawa tafiyar da ba a daɗe ana ƙulla ta ba ita ce mafi fa'ida. Sai dai rashin tsara zango ba hujja ba ce ta rashin guzuri.

Kafin ya bar Kano wajibi ne ya cika tankinsa, ya duba safaya da jak da ruwan lagireto, ya riƙe takardun mota da 'yan canji a aljihu, saboda mai tallar nono a gindin bishiya ba ruwanta da tiransifa. Mafificin lokaci shi ne kaka, sa'ad da aka yanke gero aka ɗaure dammuna, tun hazo bai sauko ya rufe hanya ba. Mafificiyar sa'a kuwa bayan sallar Asuba, kafin manyan motoci su cunkushe Dawanau.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta shafi irin wannan fita musamman. Malamanmu na Malikiyya sun ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, kuma sun shardanta a yi niyyar nisan tun daga farko. Saboda haka wanda ya fita bai san inda zai tsaya ba, yau nan gobe can, cika sallarsa zai yi, amma wanda ya ƙudurta Daura tun daga gida, ya yi ƙasaru da zarar ya wuce gidajen gari.

Hanyar tana ratsa Dambatta, sa'an nan ta shiga Kazaure ta Jihar Jigawa, kuma garuruwan nan biyu tarihi ɗaya ya haɗa su, domin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, daga Dambatta ya yi ta ja da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Ya kamata matafiyi ya yada zango a Kazaure da hantsi, ya kashe mota, ya taka da ƙafa zuwa bakin ruwan da duwatsu suka kewaye, ya sha fura, ya zauna da dattawan da zai tarar a inuwa. Wanda ya fara da cikakkiyar sallama, ya tambayi lafiyar iyali da yadda damina ta kasance, ya ƙi gaggawar kawo buƙatarsa, zai ji labarin gari wanda babu shi a littafi. Wanda kuwa ya leƙo ta tagar mota yana ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, ko an amsa masa, da ka ne kawai.

A Daura abin da kowa ke nufa shi ne rijiyar Kusugu, inda ruwaya ta ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Sarauniya Daurama ta aure shi. Rijiyar tana cikin gini yanzu, da masu kula da ita, waɗanda za su zura guga su jawo ruwa baƙo ya sha, su kuma ba shi labarin tiryan-tiryan. Ihsani gare su haƙƙi ne, kada a jira sai sun roƙa. Mai son i'itibari ya tuna cewa gidan sarautar da jihadi ya fitar daga wannan gari ya koma gadonsa a 1906, abin da bai faru ba a Kano ko Katsina ko Zazzau. Garin yana dab da iyakar Nijar, don haka za a riƙa cin karo da shingen jami'ai. A tsaya, a gaisa, a miƙa takarda cikin natsuwa.

Kwana a Daura ya fi komowa da dare, domin shanu suna tsallaka titi ba fitila, kuma gajiya ba ta sanar da direba zuwanta. Ran Lahadi kasuwar Dambatta take ci, tana tumbatsa har kan kwalta, sai mai mota, a hanyarsa ta komowa, ya ajiye ta nesa kaɗan, ya shiga kara ya ga yadda dillali yake shiga tsakanin mai saniya da mai saye, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, har a kai ga sallamawa. Nan ne wurin sayen tsaraba, ko zabi, ko man shanu, ko gyaɗa, kuma ba ya kyautuwa mai hali ya matse talaka a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Idan lokaci ya ƙure, a rage garuruwa, kada a rage zama a cikinsu, a kuma kama hanyar gida da La'asar sakaliya domin Magariba ta riski mutum cikin iyalinsa. Allah Ya kai lafiya, Ya komo da kowa lafiya.