Darasin Kimiyya: Sauya Uwar Garken da Ke Rabon Adireshi

Ɗalibai, duk wanda ya shiga kasuwar Malanville ya san ba a zama a rumfa sai da sanin mai littafi. Shi ya san rumfar mai albasa, ya san ta mai shinkafa, ya san ranar da hayar kowa za ta ƙare. Darasinmu na yau bai wuce wannan ba.

Kowace na'ura da ta hau hanyar sadarwa tana bukatar adireshi, kamar 192.168.1.20. Mai raba shi ita ce uwar garke, ta tsarin DHCP, wanda aka fitar a 1993, aka sake tsara shi a 1997. Magana huɗu ce tsakaninsu. Kwamfuta ta yi shela tana neman adireshi, uwar garke ta yi mata tayi, kwamfutar ta ce ta karɓa, uwar garke ta tabbatar ta rubuta. Adireshin kuwa haya ne mai wa'adi, ba gado ba.

Me zai sa a sauya uwar garke? Ko na'urar ta tsufa, ko manhajar. Ƙungiyar ISC ta daina kula da tsohuwar manhajarta ta DHCP a ƙarshen 2022, ta ce a koma wa manhajar Kea.

Mu ɗauki wani ofishin masu fitar da kaya daga duwan, kusa da gadar da ke ƙetarawa Gaya, mai kwamfuta 30 da na'urar buga takardu. An kawo sabuwar uwar garke daga Kwatano, an kunna. Ina matsalar? Sabuwar ba ta da littafi. A wurinta duk rumfunan babu kowa, don haka tana iya ba baƙo adireshin da wani ke riƙe da shi. Wasu manhajojin kan ƙwanƙwasa adireshi kafin su bayar, amma kwamfutar da ke kashe, ko wadda wuta ta ɗauke mata, ba za ta amsa ba. Idan ta farka, masu rumfa sun zama biyu, takardun motoci kuma sun tsaya.

Ku riƙe lissafin nan, domin nan ne ake faɗuwa a jarrabawa. Idan rabin wa'adi ya wuce, kwamfuta takan koma wurin wadda ta ba ta hayar, ita kaɗai, ta nemi sabuntawa. Idan ta ji shiru, sai ta yi ta gwadawa har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin, sannan ta yi shela ga duk uwar garken da ke ji. A hayar kwana 8, ana nufin kwana 4 da kwana 7 ke nan. Wato har mako guda bayan an kashe tsohuwar, akwai masu bin ƙofarta.

Shi ya sa mai hankali kan fara aiki tun kafin ranar ƙaura. Sai ya rage wa'adi a tsohuwar, daga kwana 8 zuwa awa 1, ya jira tsofaffin hayoyin su zagayo. Sannan ya kwafe littafin duka: iyakar adireshin da ake rabawa, ƙofar fita intanet, adireshin DNS, da rumfunan dindindin da aka ɗaure wa lambar MAC. Ta na'urar buga takardu ita aka fi mantawa, ita ce kuma ake fara yi wa kuka.

Ranar ƙaura a kashe tsohuwar kafin a kunna sabuwar, kada a bar masu littafi biyu a kasuwa ɗaya. Idan ofishin yana da wani reshe da saƙonsa ke biyowa ta rauta, a nuna wa rautar adireshin sabuwar uwar garken. Ni dai ba na yin wannan aiki ranar kasuwa, kuma ba na goge tsohuwar sai an yi mako lafiya. Wanda ya ga 169.254 a farkon adireshinsa, ya sani ya yi shela ba wanda ya amsa.

Aikin gida: idan wa'adin haya awa 24 ne, kuma an bayar da ƙarfe 8 na safe, ƙarfe nawa kwamfuta za ta fara neman sabuntawa, ƙarfe nawa kuma za ta yi shela?